Ƙarin Jijiya: Wa Zai Riƙe Wa Mutumin Ƙauye Hannu?

A wannan mako za mu duba wani ciwo da ba kasafai ake jin sunansa ba, watau ƙarin da ke tsirowa a jikin jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Likitoci suna kiransa niyurofaiburomatosis, kuma wani likitan Jamus, von Recklinghausen, shi ne ya bayyana shi tun 1882. Nau'insa da ya fi yawa yana samun kimanin mutum 1 cikin 3,000.

Ciwon ba kuturta ba ne, ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarsa ta wurin cuɗanya. Rabin masu shi gadonsa suka yi daga uwa ko uba, sauran kuwa a kansu ya fara. Alamarsa ta farko ita ce tabo shida ko fiye, masu launin ƙasa-ƙasa, a fatar yaro, daga baya ƙulluttuka su biyo. Galibinsu ba su da haɗari, amma kimanin mutum 1 cikin 10 nasa yakan rikiɗe ya zama ciwon daji.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Mai wannan ciwo likita ɗaya ba ya isarsa. Yana bukatar likitan ido, da na ƙashi, da na tiyatar jijiya, da awon hawan jini kowace shekara. Waɗannan ƙwararru kuwa suna manyan asibitocin koyarwa ne, irin na Shika a Zariya, da na Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Ibadan. Mutumin ƙauye yakan sayar da akuya ko hatsi ya yi kuɗin mota, ya iso a ce masa yau ba ranar ganin likitan ba ce. In ya dawo, a buɗe masa sabon kati, a sake awon da aka riga aka yi. Daga ƙarshe sai ya gaji ya koma gida, ba a sake ganinsa sai ƙarin ya fi ƙarfin wuƙa.

Abin da muke kira a yi bai kai kuɗin ginin sabon asibiti ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Har ila yau dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Daga cikin waɗannan ya kamata a biya nas guda a kowane asibitin koyarwa, wadda aikinta shi ne ta riƙe fayil ɗin irin waɗannan majinyata, ta haɗa musu ganin likitoci a rana ɗaya, ta riƙa tuntuɓar malamin asibitin ƙauyensu ta waya. A kuma taimaka musu da kuɗin mota.

Su ma malaman asibitin ƙauye a koya musu alamun haɗari: ƙarin da ya fara girma da sauri, ko ya yi tauri, ko yake zafin da ba ya lafawa, a tura mai shi gaba ba tare da jinkiri ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna kira ga kwamishinonin lafiya da 'yan majalisun dokoki su sa wannan tanadi cikin kasafin kuɗi mai zuwa.