Wanda ya ɓata ba a yi masa sadakar uku

Duk mai sauraren gidajen rediyonmu, na Maraɗi ne ko na Damagaram, na Tawa ko na Yamai, ya san lokacin karanta sanarwoyi. Bayan ta ɗaurin aure da ta suna da ta rasuwa, sai mai gabatarwa ya ce ga cigiya. Yaro ne ɗan shekara 14 ko 15, baƙi, marar tsawo, yana sanye da shuɗiyar riga, an aike shi kasuwa tun ranar Talata bai komo ba. Wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa. A karanta da safe, a maimaita da dare, gwargwadon abin da iyaye suka iya biya. Daga nan sai shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Ba a cika dawowa a shaida mana an gan shi ba, ba a kuma dawowa a ce har yanzu ana nema. Mu kuwa masu saurare mu ce Allah ya bayyana, kowa ya koma kan sha'aninsa.

Mutuwa tana da tsarinta. Akwai wanka da sutura, akwai zaman makoki, akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, kuma kowace ɗaya daga cikinsu tana rage wa mai rashi wani abu daga nauyin da ke zuciyarsa. Ɓata ba shi da ko ɗaya. Ba wanda zai zo yi wa uwar yaron ta'aziyya, domin wa zai fara furta cewa ya rasu? Ba mai yi mata barka. Tana nan tsakani, kunnenta na ƙofa, wani lokaci har ƙarshen rayuwarta. Shi ya sa tsofaffi ke cewa ɓatan ɗa ya fi mutuwarsa ciwo.

Ina so yau mu tuna da wani ɓata da ya kamata a ce kowane ɗan Nijar ya san labarinsa. A daren 2 ga watan Yuli na 2017, mayaƙan Boko Haram suka shiga ƙauyen Ngalewa, kusa da Kabalewa, cikin gundumar Ngigmi ta jihar Difa. Suka yanka mutum 9, suka kora mutane zuwa daji. A kwanakin farko an sanar da cewa mutum 37 aka tafi da su. Daga baya lissafin ya koma 39: mata da ƴammata 33, da yara maza 6. Ku dubi wannan tazara ta mutum biyu. Ba ƙarya aka yi ba. Ƙidayar ce ta yi wuya. Yankin yana cikin dokar ta-ɓaci tun watan Fabrairu na 2015, kuma a watan Mayu na wannan shekara an kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin Cadi, suka bazu cikin ƙauyuka da sansanoni, da yawansu ba su fito da ko takarda ɗaya ba. A irin wannan hali, sai an bi gida gida ana tambayar wa ya kwana wa bai kwana ba kafin a san adadin waɗanda suka salwanta.

Matasa da ƙungiyoyin farar hula sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Sun yi ta kira a Facebook da gidajen rediyo, suna ambaton Ngalewa da lambar 39. Shekara ta zagayo a 2018, ta sake zagayowa a 2019, ba a ga ranar da aka tara mutanen nan aka miƙa su ga danginsu ba. A hankali maganar ta yi sanyi, waɗansu masifun suka rufe ta. To, ga tambayata gare ku, ku da ke karanta jarida, kuke sauraren labaran duniya safe da yamma: wa zai iya kawo sunan mutum uku daga cikin 39 ɗin nan?

Watanni biyu kacal kafin harin Ngalewa, wato cikin watan Mayu na 2017, an sako ƴammata 82 daga cikin ɗaliban Cibok a tarayyar Najeriya, bayan tattaunawar da gwamnatin Suwizalan da kwamitin ƙasa da ƙasa na Kurwa Ruj suka shiga tsakani. An riga an sako 21 a watan Oktoba na 2016. Su 276 aka sace daga makarantarsu a daren 14 ga Afrilu na 2014, 57 suka kuɓuta tun farko. Ba ina cewa labarin Cibok ya ƙare da daɗi ba ne, domin lokacin da aka cika shekara 10 a 2024 fiye da 80 ba su dawo ba. Amma duniya ta riƙe maganar har matar shugaban Amurka na lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga allo tana kira a maido su. Akwai dalilai da yawa na wannan bambanci, ciki har da girman Najeriya da ƙarfin jaridunta. Ɗaya dai daga cikin dalilan shi ne ya fi damuna, don shi ne ke hannunmu. Ƴammatan Cibok ƴan makaranta ne masu shirin jarrabawa. Suna da rajista, suna da hotuna, an buga sunayensu. Duk lokacin da ɗaya ta dawo, a soke suna ɗaya daga jerin, a sake ƙirga sauran. Wanda ke cikin jeri ana iya bin bashinsa. Wanda bai shiga jeri ba, da an daina ambatonsa ya sake ɓata karo na biyu, kuma wannan na biyun mu ne muka ɓatar da shi.

Mutanen Damagaram sun san wannan tun kafin Ngalewa. A ƙarshen watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwaki 92 cikin hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocin da suka ɗauko su ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Mafi yawansu daga gundumar Kance suka fito, za su Tamanraset neman abin kai wa baka. Gwamnati ta yi shelar zaman makoki na kwana uku, aka rufe su a can inda aka same su, domin gawawwakin sun riga sun lalace. Waɗannan an gan su, an ƙirga su. Hamada tana da faɗi, kuma motar da ta kauce hanya don gudun shingen jami'ai ba ta barin takardar fasinja a tasha. Duk gidan da ɗiyarsu ta tafi arewa ta yi shiru, ba su da abin riƙewa sai zato: ko tana Tamanraset, ko tana Gardaya, ko an maido ta Asamaka cikin waɗanda ake korowa, ko kuwa rairayi ya rufe ta tun makon farko.

A nan ne maganar ta iso ƙofarku, alhazai ƴan kasuwa. Kusan kowane babban kanti a Maraɗi ko Ƙonni yana da yaro daga ƙauye. Wani dangi ne ya kawo shi, wani direba ne ya sauke shi a tasha, wani shi ya kawo kansa bayan girbi. Ana kiransa Ɗan Tasawa ko Bagobiri ko Dogo. Ana aikensa Jibiya, ana aikensa Kano, in ya ƙara wayo a haɗa shi da kamiyo zuwa Kwatano ko Lome. Ya shekara uku yana riƙe da makullin sito, amma in aka tambayi maigidansa cikakken sunansa da na ubansa da na mai garinsu, sai ya fara lalube. Haka nan gidajen ma'aikata a Yamai, inda ƴar aiki mai shekara 13 ke raino da wanke-wanke, uwar gida ba ta san komai game da ita ba sai sunan matar da ta kawo ta. Ranar da irin wannan yaro ya fita bai komo ba, zaton farko shi ne ya yi sata ya gudu. Sai a fara duba akwatin kuɗi. In kuɗi sun cika a ce ya koma garinsu. Can garinsu kuwa ana zaton yana birni yana neman na kansa. Kafin ɓangarorin biyu su gane cewa ba ya nan ba ya can, an yi wata shida, sawu ya bushe.

Abin mamaki, mutumin da ba zai bar buhun shinkafa ɗaya ya fita sito ba sai an rubuta, shi ne ba shi da layi ɗaya a littafinsa game da ɗan mutum da ke kwana a zaurensa.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati, naku ya fi nauyi, don alƙalamin yana hannunku. Binciken lafiya da ƙidayar jama'a na 2006 ya nuna kashi 32 cikin ɗari ne kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa a Nijar. Na 2012 ya nuna kashi 64. An ci gaba, ba shakka. Sai dai yaran 2006 ɗin nan su ne samari da ƴammatan shekarun Ngalewa da bayansu, wato biyu cikin uku sun taso ba su cikin littafin kowa, in ba wanda aka yi wa jijima daga baya don shiga lakwal ko jarrabawa ba. Dokar 2019 kan rajistar jama'a ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Doka ce mai kyau. Amma sakataren meri da ya bar takardun haihuwa jibge cikin kwali ba a sa musu hannu ba, ya sani cewa abin da ya jinkirta yana iya zama shaida ɗaya tak da za ta nuna wani yaro ya taɓa wanzuwa.

Kada wani ya ce sai an samu kwamfuta da tallafin ƙasashen waje. A 1914, da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Kurwa Ruj ta buɗe ofishi a birnin Janiba don neman fursunoni da waɗanda suka ɓata. Da katin kwali da tawada aka yi aikin: suna, gari, ranar da aka yi masa gani na ƙarshe, sunan mai nema. Katuna miliyoyi aka tara, kuma har yau suna ajiye, jikoki na zuwa dubawa. Wannan aiki ne ya ci gaba har zuwa zamaninmu. A 2022 kwamitin ya ce yana riƙe da sunayen mutum 64,000 da ake nema a Afirka, fiye da 25,000 a Najeriya kaɗai, kusan 14,000 daga cikinsu yara ne lokacin da suka ɓata. Waɗanda danginsu suka san hanyar ofishin ke nan. Abin da muke bukata bai wuce irin wannan ba: ƙorafin da aka kai komisariyar Damagaram ya isa jandarmerin Agadas da shingen Ɗan Isa a ranar, da hoto da kwanan wata, kuma kada a rufe fayil don kawai jami'in da ya buɗe shi an yi masa canjin wurin aiki. Yanzu aikin ya koma hannun WhatsApp, inda hoton yaro ke yawo ba kwanan wata ba sunan gari, har wanda aka gani tun shekara biyu ana ci gaba da cigiyarsa, wanda ya ɓata jiya kuwa ya nutse cikin tarin saƙonni.

Ƙasarmu ta ɗauki alkawari a rubuce. A watan Yuli na 2015 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan kare mutane daga ɓatarwa da ƙarfi. Yarjejeniyar ta ɗora wa hukuma binciken ɓatan da ƙungiyoyi masu makamai suka haddasa, ba na jami'anta kaɗai ba, ta kuma ba dangi haƙƙin sanin yadda binciken ke tafiya da abin da ya samu ɗan uwansu. Uwar da ke Ngalewa tana da wannan haƙƙi ko da ba ta taɓa jin sunan yarjejeniyar ba.

Ko da yake, ba sai mun je Janiba ba. Malamanmu na zaure suna karantar da babin mafƙudi, wato wanda ya ɓata ba a san rayuwarsa ko mutuwarsa ba, cikin Risala ta Ibn Abi Zaid. A mazhabar Malikiyya, matar wanda ya ɓata cikin ƙasar Musulmi tana jiran shekara 4, sannan ta yi takaba ta wata 4 da kwana 10. Abin lura shi ne inda lissafin ke somawa. Ba daga ranar da mutumin ya bar gida ake ƙirgawa ba. Sai an kai maganar gaban alƙali ko mai mulki, shi kuma ya aika an bincika har bincike ya ƙure. Ke nan tun fiye da shekara dubu malaman fiƙihu sun ɗauka cewa akwai hukumar da za ta karɓi ƙara, ta rubuta rana, ta tura neman mutum. Ba su bar wa dangi da mai bugun ƙasa ba.

Game da dukiyarsa kuwa sun fi tsanantawa. Ba a raba gadon mafƙudi sai ya kai shekarun da ba a zaton irinsa na wuce su a raye, wanda mafi shaharar zance ya ƙayyade da 70. Kafin a yi wannan lissafi dole a san shekarar haihuwarsa, ga mu mun sake komawa kan takarda. In an ɗauke yaro yana da shekara 15 a 2017, a hukuncin malaman nan rayayye ne, dukiyarsa tasa ce, ko da akuya ɗaya ce ko ƴar gona, ba mai taɓa ta sai shekara ta 2072.