Ba zuciya kaɗai ke cikin ƙirji ba

Sau da yawa mutum yakan je gidan likita da ciwon ƙirji, a auna shi, a ce zuciyarsa lafiya lau take. Sai ya koma gida cikin fushi, yana cewa lokotoro bai san aikinsa ba. Daga nan sai wajen boka ko mai tallan magani. A ganina wannan kuskure ne babba.

Manomin da ya yini da hauya, ko macen da ta sha daka da jan ruwa, suna iya jin ciwo inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin ƙirji. In an danna wurin, ciwon yakan ƙaru. Hutu yake bukata. Akwai ƙwannafi, wato ruwan ciki mai tsami da ke hawowa maƙogwaro, musamman in an ci abinci aka kwanta nan take. Ƙwayoyin aspirin da ibuprofen suna ƙara ɓata irin wannan ciki. Akwai kuma huhu. Tarin da ya wuce sati 2 yana son awon kaki, domin tarin fuka yana warkewa da maganin wata 6.

Amma wanda muka fi ɓoyewa shi ne na damuwa. Hatsi ya ƙare a rumbu, kaka da saura. Bashi ya hau kai. Ɗa ya tafi ci-rani, babu labari. Rana ɗaya sai gaba ya faɗi, ƙirji ya ɗaure, zuciya ta yi ta bugawa, mutum ya ga kamar mutuwa ce ta zo. Saurin numfashi ke sa yatsu da leɓɓa su yi sanyi. Abin yakan tsananta cikin minti 10, sa'annan ya lafa. Mukan ce iskoki ne, ko mu ce raki ne, musamman in mace ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne na gaske, ba hauka ba, kuma yana da magani. Jan numfashi a hankali yana taimakawa. A gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ke damun rai, kamar yadda ake gaya masa zazzaɓi.

Sai dai kada kowa ya yanke wa kansa hukunci a gida. In ciwon ya yi nauyi kamar an ɗora dutse, yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ga gumi, a kai mutum gidan likita nan da nan, ko da tsakar dare ne.