AN BUƊE RUMBUN ILIMI, INA MASU ƊIBA?

  

Ya ku 'yan uwa Musulmi, musamman jama'ar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a wannan wata muna son mu ja hankalinku ga wata ni'ima da Allah Ya kawo mana har gida, mu kuwa muka yi mata riƙon sakainar kashi.

A shekarar 2001 shahararriyar jami'ar kimiyya da fasaha ta MIT da ke Amurka ta ba da sanarwar cewa za ta zuba darussanta a intanet kyauta ga duk mai so, kuma ta fara cika alkawari a 2002. A nan gida kuwa akwai Jami'ar Karatu Daga Gida, wato NOUN, wadda aka kafa a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka kuma farfaɗo da ita zamanin mulkin Obasanjo. Wannan jami'a ta sanya littattafan darussanta a fili, tun daga lissafi da aikin gona har zuwa Larabci da nazarin addinin Musulunci, kowa na iya saukewa ba tare da ya biya jami'ar ko kwabo ba.

To, wa ya fi mu buƙatar wannan? Ba mu manta da daren 11 ga Disamba, 2020 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Allah cikin ikonsa Ya dawo da su bayan kwana shida, amma tsoron da ya shiga zukatan iyaye bai fita da wuri ba. Matasa nawa ne suka gama sakandare suka zauna, domin mahaifi ya rasa gona da shanu, ba shi da abin kai ɗa Dutsin-ma ko Katsina ko Zariya? 'Yan mata nawa ne aka ce su haƙura, hanya ba ta da kyau?

Wani zai ce wannan baƙon abu ne na Nasara. Sam ba haka ba ne. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis ƙauye-ƙauye su kai wa mata karatu har ɗakunansu. Marigayi Sheikh Abubakar Mahmud Gumi ya fitar da tafsiri daga zaure ya kai shi gidan rediyon Kaduna, manomi da makiyayi suka ji. Bayansa kaset ya shiga lungu da saƙo. Kai wa mutum ilimi inda yake gadonmu ne, ɓoye shi ne shari'a ta yi hani a kansa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Sauke littafi ba ya ba mutum takardar shaida, wanda yake son digiri dole ne ya yi rajista ya biya kuɗi ya zauna jarrabawa. Littafi kuma ba ya maye gurbin malami, kuma galibin darussan da Turanci suke. Sannan intanet ba abin dogaro ba ne a yankinmu: a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka shafe watanni kafin a maido su. Wanda ya bar karatunsa a intanet, ranar da aka rufe layi ya tashi a tutar babu.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da su ɗauki wannan aiki a matsayin nasu. A wakilta matasa biyu ko uku su sauke darussan a katin waya, a buga muhimmansu a takarda, a ajiye a makaranta. A nemi malaman sakandare da masu digiri na gari su zauna da ɗalibai ko da sau biyu a mako. A ware wa mata lokacinsu da malamarsu. Mawadatanmu kuwa su sani cewa sayen kwamfuta ɗaya da faifan sola ɗaya domin wannan aiki sadaka ce mai gudana.

Ku kuma matasa, wayar da ke hannunku amana ce. Datar da kuke ƙonawa wajen kallon sharholiya da zagin malamai ta isa ta sauke littattafan zango guda. Ranar gobe za a tambaye mu a kan ƙuruciya da yadda muka ɓatar da ita.

Allah Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.