Kada a Yar da Kwali

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan bokon ƙasar nan, wai tun da an juye fina-finanmu daga kaset zuwa kwamfuta to an cece su, sai a kwanta a yi barci. Ana faɗar ta a tarukan ƙungiyoyin raya al'adu, ana tafa mata. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma ina ganin ɓarnar da take yi ta fi ta gara da ɓera, domin gara tana cin abin da aka manta da shi ne, wannan magana kuwa tana sa mutum ya yar da abu da hannunsa yana murna.

Mai karatu ya leƙa ma'ajiyar kowane gida da ke taƙama da tarin fina-finai, a Maraɗi ne ko a Damagaram. Zai tarar da ɗaruruwan fina-finai cikin faifan ajiya ko katin waya, amma da waɗanne sunaye? Wannan "Hausa 1", wancan "sabo", na gaba da shi jerin lambobi ne da na'ura ta raɗa masa. Babu shekara, babu sunan wanda ya ba da umarni, ba a san ko kashi na ɗaya ba ne ko na uku. Sau da yawa mai shagon da ke tura fina-finai a waya ya datse farko da ƙarshe don fim ya rage nauyi, wato daidai wurin da ake rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin. Kwalin kaset ɗin kuwa, wanda ke ɗauke da hoto da sunaye da adireshin kamfani, tuni aka hura wuta da shi.

To me aka ceto ke nan? An ceto hoto mai motsi, an kashe asalinsa. Mu da muke tambayar baƙo ɗan gidan wa ne kafin mu ba shi aure, mu ne muka yarda fim ya zauna a ɗakinmu ba mu san uwarsa ba balle ubansa.

Za a ce ai kwali talla ce kawai, ta ƴan kasuwa. Haka ne, kuma don haka ne ma yake da daraja. Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka shi ne mafarin fina-finan bidiyo na Kano, har zuwa zamanin Sangaya a 1999 da abin da ya biyo baya, babu wata jarida ko hukuma da ta bi waɗannan fina-finai ɗaya bayan ɗaya ta rubuta su a inda malamin makaranta na Tawa zai iya dubawa. Abin da ya ƙetaro iyaka ta Jibiya da Ɗan Isa ya shigo gidajenmu shi ne kaset da kwalinsa. A jikin kwalin nan ne ake ganin wanda aka sa hotonsa babba da wanda aka maƙale a gefe, da irin ɗinkin da ake yayi a shekarar, da yadda ake rubuta Hausa a kasuwa ba a aji ba, da sunan dillalin da ya rarraba. A wasu lokuta ma nan kaɗai za a ga sunan mawaƙin da ya rera waƙar da ɗan wasa ke motsa baki a kanta. Mai son rubuta tarihin ado ko na harshe nan da shekara talatin, wannan takarda ce shaidarsa.

Abin ya fi ciwo idan aka juyo ga namu na gida. Nijar ba baƙuwa ba ce a sinimar Afirka. Fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, shi ne na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO a Wagadugu a 1972. Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966, inda Zalika Souley da Djingarey Maïga suka fito, kuma yana cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Ganda ya rasu a 1981, aka sa sunansa ga cibiyar al'adu a Yamai. Alassane, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya rasu a 2015. Zalika ta bi shi a 2021. Kowace rasuwa an yi jawabai, an yi alhini. Amma a tambayi shugaban ƙungiyar da ya fi kowa iya jawabi ya kawo takarda guda mai ɗauke da jerin ayyukan Ganda, da shekarunsu, da harshen da aka yi su, da inda kwafinsu yake. Ko shekarar Wazzou ɗin ma, wani kundi ya ce 1970, wani ya ce 1971, kuma mu da ya kamata mu raba gardama ba mu aje abin raba ta ba. A 2017 gidan tarihin MoMA na Niyok ya shirya nunin ayyukan Alassane. Madalla da su. Sai dai abin kunya ne ɗalibin Amurka ya sami bayanin mutumin Tawa a tsare, ɗan Tawa kuwa sai ji-ta-ji-ta.

Masu cewa a jira Turawa su zo su gyara suna kafa hujja da Shaihu Umar, fim ɗin Adamu Halilu na 1976, wanda aka ɗauka ya ɓata, aka gano shi a rumbun hukumar fina-finan Najeriya, wata cibiya ta Jamus ta gyara shi aka nuna a bikin Balin a 2018. Suna kuma ambaton shirin da UNESCO da FEPACI da gidauniyar Martin Scorsese suka ƙulla a 2017 don gyara fina-finan Afirka hamsin. Hamsin, a nahiya sukutum! Irin wannan gyara na fim ɗin majigi ne, mai tsada, wanda aka zaɓa aka darje. Ba wanda zai taso daga Bolonya don kaset ɗin wasan kwaikwayon da wata ƙungiyar samari ta ɗauka a gidan matasa na Tasawa. Wannan idan ba mu rubuta shi ba, ba mai rubuta shi.

Kuma aikin bai gagari malamin firamare ba, abin da ke ƙara ba ni haushi ke nan. A ɗauki hoton kwali gaba da baya da gefe, a shimfiɗe, cikin haske mai kyau. In akwai na'urar sikana a makaranta ya fi. Kada a goge tsagewa ko hatimin shagon haya don neman kyau, in ma za a gyara hoton a aje na asali daban. A sa wa fim sunansa kamar yadda ya fito a allo, da ƙ da ɗ da ɓ nasa, a bi shi da shekara. A rubuta mai ba da umarni, da mai ɗaukar nauyi, da ƴan wasa, da mawaƙa, da harshe, da wanda aka karɓi kwafin a hannunsa. Wurin da babu tabbas a bar shi fili, domin shekarar ƙarya ta fi rashin shekara illa: wani zai kwafa, na gaba ya kwafa daga gare shi, ta zama gaskiya. Fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa aka raɗa musu sabon suna, a rubuta sunansu na asali kusa da na Hausar.

Ga masu tsara fina-finansu da manhajoji irin su Kodi ko Plex akwai wani tarko. Waɗannan suna ɗaukar suna da shekara ne su je rumbunan intanet kamar TMDb su ɗauko hoto da bayani. Idan fim ɗin Hausa ba ya can, ko dai su bar shi tsirara, ko su liƙa masa hoton wani fim na wata ƙasa mai kama da sunansa. Mutanenmu sai su zargi na'ura. Alhali TMDb jama'a ne ke cika shi, kowa na iya buɗe rajista ya shigar da fim da hotonsa. Masu koyar da Hausa nawa ne a jahohin Maraɗi da Damagaram da Tawa? Da kowane zai shigar da fim biyar a shekara, da tuni maganar ta canza. Haka kuma sunayen mutanenmu suna warwatse tsakanin rubutun Faransanci da na Hausa, Oumarou a nan Umaru a can, wanda sai ɗan gida ne zai san mutum guda ne ya haɗa su.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo ta kaset, ya daina a 2016. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, faifan CD da aka ƙona a shago yana dushewa, kuma zafin watan Afrilu a Ƙonni ba ya tausayin ko ɗaya. Tsofaffin masu shagunan haya, waɗanda za su kalli hoto su ce wannan wane ne, an yi shi shekarar kaza, su ma suna ta raguwa.

Don haka ina kira ga ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin tallafi da sunan al'ada: a cikin kasafin bikin bana, a rage kuɗin rumfa da lemo, a sayi babban littafin rajista guda da faifan ajiya biyu, a aje su a gidaje daban-daban, a naɗa mutum ɗaya da za a tambaya a ƙarshen shekara fim nawa ya rubuta.