Wasiƙa Ga Likitocin Da Ke Leƙa Cikin Yara

'Yan'uwana abokan aiki,

Magana ce a kan hodar nan da ake fesawa ta na'urar leƙa ciki don tsayar da jini, wato Hemospray da ire-irenta kamar EndoClot. Wanda ya taɓa ganin aikinta ba zai raina ta ba. Jini na tsartuwa daga gyambon ciki, madubin na'ura ya yi jawur, ka fesa, sai wurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, jinin ya tsaya. A lokacin har numfashinka sai ya dawo. Wannan sakin jikin nake tsoro.

Hodar tana shanye ruwan jinin ne ta zama ɓawo a kan raunin, ba ta ɗinke jijiya. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ɓawon zai ɓamɓare ya bi bayan gida, kuma jini na iya dawowa. Yaro mai kilo 10 duka jininsa bai fi mililita 800 ba, abin da babba zai jure shi zai kai wannan yaron gargara. Don Allah, ko jini ya tsaya, a tanadi leda ta ƙarin jini, a sanar da likitan tiyata, a sa ido dare da rana.

Ku tuna kuma a kan manya aka fara gwada Hemospray, a Hon Kon a 2011, kuma amincewar da hukumar magunguna ta Amurka ta yi mata a 2018 ba ta haɗa da jinin kumburarrun jijiyoyin maƙoshi ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a garuruwanmu na bakin rafi da madatsun ruwa tsutsar tsargiya kan lalata hanta har jijiyoyin nan su kumbura. Can ɗaure jijiya da roba shi ne aikin. Abin da likitocin yara na Shafild a Ingila suka wallafa a kan hodar yana da ƙarfafa gwiwa, sai dai yaran kaɗan ne.

Iskar da ke tunkuɗa hodar tana da ƙarfi, cikin jariri kuwa ɗan ƙanƙane ne, bangonsa siriri. Fesa kaɗan-kaɗan, daga ɗan nesa, hannu ɗaya na tattaɓa cikin ko ya kumbura. Bututun feshin ba ya shiga siririyar na'urar jarirai, a auna tun kafin a sa yaro barci. In bakin bututun ya taɓa jini ko ruwa, toshewa zai yi nan take.

Kafin sallama, a zaunar da uwar a tambaye ta cikin lallashi me aka sayo wa yaron a kemis lokacin zazzaɓi. Sau da yawa za ta kwance bakin zane ta fito da asfirin ko ibuprofen.

Wassalam.