Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban birnin Yamai

Ranka ya daɗe,

Daga Banifandu nake rubuto maka, kuma roƙona guda ne: a riƙa kiran masu zanen gini tun kafin a yanka fili, ba sai an gama rabon fuloti an zo neman hatimi ba.

A unguwanni irin tamu kowa shi ne mai zanen gidansa. Mutum ya sayi fili, ya kira magini, a ja layi da ƙafa a ƙasa, a dasa bulo, a rufe da kwano. Ba wanda ya tambayi inda ruwan indararo zai bi. Damina na sauka sai wannan ya tada dakali, wancan ya zuba ƙasa a ƙofarsa, ruwa ya koma gidan wanda ba shi da kuɗin siminti, sauran ya kwanta a titi sauro ya yi gida. Da bazara kuma ɗakin kwano ba ya kwantuwa, sai tsakar gida. Ban ga laifin magini ba. Abin da aka sa shi ya yi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne muna da gwanaye. Mariam Issoufou da abokan aikinta sun gina gidajen Niamey 2000 a nan cikin birni, aka kammala a 2016, da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Benaye ne masu tsakar gida da inuwa, iyalai da dama a filin da a da gida ɗaya zai cinye. A Dandaji ta jihar Tawa, ita da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi, a 2018, tare da maginan wurin. Tun kafin su, Falke Barmu, maginin gargajiya, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986 saboda masallacin Yama. Turawa na zuwa ɗaukar hoto, mu kuma har yanzu muna ganin ginin ƙasa alamar talauci ne.

Ba mu manta da watan Afrilun 2021 ba, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, yara kusan 20 suka rasu. Kafin shekarar ta ƙare irin haka ta sake faruwa a Maraɗi. Aji mai sanyi, mai araha, wanda wuta ba ta lashe shi nan take, aikin mai zane ne, kuma Francis Kéré ya nuna ana iyawa tun 2001 da makarantar da ya gina a Gando ta Burkina Faso.

Don haka, ranka ya daɗe, a ba kowace ƙaramar hukuma ta Yamai mai zanen gini nata, da ranar da talaka zai same shi kyauta da takardar filinsa. A zaunar da mai zanen da mai unguwa, da limamai, da matan da ke sana'a a bakin titi, da samarin fada, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya da inda yara ke tsallaka hanya. Filayen da aka ware wa makaranta, asibiti da kasuwa kuwa, a kafa allo a kansu kowa ya gani, kafin wani mai hannu da shuni ya kewaye su da katanga. In ana neman inda za a fara gwaji, ga Banifandu.

Allah ya taya ka riƙo.

Wani mazaunin Banifandu, Yamai