RA'AYINMU: MU DUBA TAKARDA KAFIN MU BIYA KUƊIN FILI



Ikilisiyoyinmu da dama har yanzu suna sujada a ɗakunan haya ko a ƙarƙashin rumfa, kuma a wuraren da muke 'yan tsiraru, samun filin majami'a ko na makabarta ba abu ne mai sauƙi ba. Shi ya sa da zarar dillali ya kawo labarin fili mai araha sai hankali ya tashi. A yi sanarwa ranar Lahadi, Zumuntar Mata ta kawo nata, matasa su kawo nasu, manoma su sayar da hatsi, a damƙa kuɗi. Sai an sa harsashi wani ya ɓullo da takardarsa, ko hukuma ta zo ta shafa jan fenti a bango. Baikon gwauraye da marayu ya tafi ke nan, ikilisiya kuma ta rabu kan zargin juna.

Ya kamata kowane dattijo ya san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake da shi izinin zama ne. A cikin gari gwamna ke ba da shi, a karkara kuma ƙaramar hukuma tana ba da na gargajiya. Sashe na 22 ya ce mai izinin gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar gwamna. A 1989, a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta soke wata jingina domin ba a nemi wannan yardar ba. In banki da lauyoyinsa sun yi asara a kan haka, ina ga ƙaramar ikilisiya? Sa hannun mai unguwa ko dagaci shaida ce mai amfani, muna girmama ta, amma ba ta maye gurbin rajistar gwamnati.

Saboda haka muna ba majalisun dattawa shawara kamar haka.

Na farko, a karɓi kwafin takardar mai sayarwa, a ɗauki lauya ya nemi bincike a ofishin filaye: KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar filaye ta jiharku. Binciken zai nuna sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da filin a banki, ko gwamnati ta karɓe shi.

Na biyu, a kai safiyo mai lasisi ya auna, ya tabbatar iyakokin da aka nuna mana su ne ke kan taswira, kuma filin bai shiga hanya, burtali ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki ba.

Na uku, in filin gado ne, a ga takardar rabon gado, magada kuma duka su sa hannu. A tambayi maƙwabta ko akwai ƙara a kotu. Matambayi ba ya ɓata.

Na huɗu, kada a rubuta filin da sunan fasto ko wani dattijo, komai amincinsa. Mutum yana mutuwa, filin kuma ya shiga cikin gadonsa. A rubuta da sunan amintattun ɗariƙa masu rajista a hukumar CAC, a biya ta banki, a ajiye rasit.

Mun san abin da wasu za su ce: in muka bayyana cewa majami'a za mu gina, ba za a ba mu izini ba, gara mu saya a matsayin filin gida. Wannan damuwa gaskiya ce, ba mu raina ta. Amma takardar C of O tana ɗauke da abin da aka ba da filin dominsa, kuma wanda ya saɓa ya miƙa wa hukuma dalilin rushe gininsa da hannunsa. Ban da haka, gidan Allah ba ya tsayawa a kan ƙarya. Tsarin mulki na 1999 ya ba mu 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin mallakar fili ko'ina a Nijeriya a sashe na 43. In an hana mu, mu nemi dalili a rubuce, mu kawo wa ƙungiya ta bi kadi. Mai takarda sahihiya ne yake da bakin magana.

Wasu kuma suna ganin bincike rashin bangaskiya ne. Mu buɗe Irmiya sura 32. Ubangiji da kansa ya umarci annabin ya sayi gonar Hanamel a Anatot, a lokacin da Babiloniyawa suka kewaye Urushalima. Duk da haka Irmiya ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ba Baruk takardun ya ajiye a tukunyar ƙasa domin su daɗe. In annabi ya yi haka, mu ba mu da hujjar sakaci.

Muna roƙon kowace ikilisiya da ke cinikin fili yanzu ta dakatar da biya har rahoton bincike ya zo, a karanta shi a gaban membobi. In dillali ya ce sai yau ko a ba wani, a bar shi ya tafi. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana. Amin.